Kifi da kayan lambu a ruwa ɗaya: abin da mazauna Abuja za su ɗauka daga gidajen Perth, da abin da za su bari

A birnin Perth na yammacin Ostireliya, watan Mayu shi ne mafarin sanyi. A daidai lokacin da damina ke kankama a Abuja, can rana ta fara laushi, ruwan da ke cikin tankunan bayan gida kuma ya fara yin sanyi. Wannan ne lokacin da masu kiwon kifi a gida ke jira. Sukan sayo 'ya'yan kifin tirawut, su zuba a tankin da bai wuce lita 1,000 ko 2,000 ba, su dasa latas da kabeji a kwamin tsakuwa da ke gefensa. Injin tura ruwa yana ɗebo ruwan kifin ya kai wa shukar, ruwan ya ratsa tsakuwa ya komo wa kifin a tace.

Kafin watan Nuwamba ya yi nisa, dole a kwashe kifin gaba ɗaya, ko ya kai girman da ake so ko bai kai ba. Wanda ya yi jinkiri har zafin bazara ya riske shi, wata safiya zai tarar da kifinsa sun juya ciki sama.

Wannan salon noma, wanda ake kira akwafoniks, ya fara jan hankalin mazauna birane a ƙasashe da dama. Ga ma'aikacin gwamnati a Kubwa ko Lugbe ko Gwarimpa, wanda albashinsa ke ƙarewa a kasuwa kafin wata ya raba, kuma yake tunanin abin da zai riƙe idan ya cika shekara 35 a aiki ko 60 a duniya, hoton tankin kifi da koren ganye a tsakar gida abin sha'awa ne. Sai dai cikin abin da ake gani a waɗannan hotuna, akwai wanda zai yi aiki a Abuja kamar yadda yake yi a Perth, akwai kuma wanda zai cinye jarin mutum cikin mako guda. Bambanta su shi ne matakin farko.

Yadda ruwa ɗaya ke ciyar da biyu

Kifin da aka tsare a tanki yana gurɓata ruwan da yake zaune a ciki. Duk abincin da ya ci, wani kaso yana fita a matsayin sinadarin amoniya, mafi yawa ta gaɓoɓin numfashinsa da ke gefen kai, sauran kuma ta kashi da ragowar abincin da ya ruɓe. Amoniya guba ce ga kifi, kuma dafinta yana ƙaruwa idan ruwa ya yi ɗumi. Shi ya sa mai kiwon tarwaɗa a tankin siminti yake zubar da ruwa yana sake wani a kai a kai, maƙwabta kuma suna fama da wari.

A tsarin akwafoniks, wannan ruwan da ake zubarwa shi ne takin. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin tsakuwa da bututu da duk wani wuri mai jiƙa. Rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne. Rukuni na biyu yana mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda kifi ke iya jurewa, kuma shi ne abincin da ganye ya fi buƙata. Saiwoyin shuka suna zuƙe shi, ruwa ya koma tanki. Ke nan halittu uku ne ke zaune a tsarin, kuma wadda ido ba ya gani ita ce ke riƙe da sauran biyun.

Tunanin haɗa kifi da shuka ba sabo ba ne, domin manoman Sin sun daɗe suna kiwon kifi a gonakin shinkafa. Amma tsarin zamani mai tanki da injin tura ruwa ya samu gindin zama ne a Amurka. A shekarun 1980, Mark McMurtry ya yi gwaje-gwaje a Jami'ar Jihar North Carolina inda ya bi da ruwan kifi ta cikin kwamin yashi. James Rakocy kuma ya shafe shekaru a Jami'ar Virgin Islands yana gyara tsarin da shuka ke zama a kan allunan da ke yawo bisa ruwa. Dukansu da karfasa suka yi aiki, wato kifin ruwan ɗumi wanda asalinsa na Afirka ne.

Dalilin da ya sa Perth ta zaɓi tirawut

Mutanen Ostireliya ba su da wannan zaɓi. Jihohin ƙasar da dama sun haramta ajiye karfasa, saboda idan ta kuɓuce ta shiga kogi takan mamaye shi ta kori kifin gida. Don haka masu lambun bayan gida suka koma ga kifin da doka ta yarda da shi, kuma yanayi ya karɓa.

Shi kansa tirawut baƙo ne a ƙasar. A shekarar 1864 wani jirgin ruwa mai suna Norfolk ya taso daga Landan ɗauke da ƙwan kifin salmon da na tirawut mai ruwan ƙasa, an shirya su cikin akwatuna da gansakuka an binne cikin ƙanƙara. Bayan tafiyar kusan wata uku, aka kai ƙwan wani wurin ƙyanƙyasa a bakin kogin Plenty da ke tsibirin Tasmaniya. Salmon bai zauna ba, amma tirawut ya yaɗu. Nau'in da aka fi kiwo a gida yau, mai jan zane a gefen jiki kamar bakan gizo, asalinsa kogunan yammacin Arewacin Amurka ne, kuma ya iso Ostireliya a 1894 ta hanyar New Zealand. A Yammacin Ostireliya, gidan ƙyanƙyasa na garin Pemberton, a yankin kudu maso yamma mai sanyi, ya daɗe yana samar da 'ya'yan wannan kifi.

Abin da ya sa masu lambu ke ƙaunarsa shi ne yana cin abinci a lokacin da sauran kifaye suka daina. Idan ruwa ya yi sanyi, kifin ɗumi yakan lafe a ƙasan tanki ya ƙi ci. Idan kifi bai ci ba, babu amoniya, babu taki, shuka ta tsaya. Tirawut kuwa a cikin sanyin yake zafin nama, yana tsalle yana cafe abinci, yana girma da sauri. Kuma lokacinsa ya zo daidai da na kayan lambun da ke son sanyi, irin su latas, kabeji, farin kabeji da ganyen albasa. Idan bazara ta zo, wasu sukan musanya shi da baramandi, ɗan'uwan giwan ruwa da aka sani a Tafkin Chadi da Kogin Neja, su kuma dasa tumatir da kokwamba. Tanki ɗaya ne, amma kalandar zafin ruwa ce ke faɗin wanda zai zauna a ciki.

Alƙaluman da ba sa karɓar roƙo

A shekarar 2014, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta wallafa littafin jagora kan ƙaramin tsarin akwafoniks. Littafin ya nuna cewa tirawut yana rayuwa ne a ruwa mai digiri 10 zuwa 18 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya fi girma tsakanin 14 da 16. Yana buƙatar iskar oksijin da ta haura miligiram 6 a kowace lita, da abinci mai furotin kusan kashi 42 cikin ɗari, domin shi maci nama ne. Karfasa kuwa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 27 da 30, kuma abinci mai furotin kashi 28 zuwa 32 ya ishe ta.

Zafi yana cutar da tirawut ta fuska biyu. Ruwa mai digiri 15 yana iya riƙe oksijin kimanin miligiram 10 a lita, amma idan ya kai digiri 30 abin da zai riƙe bai wuce 7.5 ba. A lokaci guda kuma, jikin kifin yana ƙara neman iska yayin da ruwan ke ɗumama. Buƙata tana hawa, abin da ke akwai yana sauka. Da ruwa ya haura digiri 20 kifin zai fara rage ci, idan ya doshi 25 kuma mutuwa ta kusa.

A Abuja, zafin rana a watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 35. Ko a tsakiyar hunturu, sanyin dare da na asuba ne, da rana ta ɗaga sai ruwan tanki ya sake ɗumama. Babu wani jerin watanni a shekara da ruwan tsakar gida zai zauna ƙasa da digiri 18 dare da rana.

Wani zai ce ai akwai injin sanyaya ruwa. Lissafin ba shi da wuya. Sauke zafin lita 1,000 da digiri ɗaya yana nufin cire zafin da ya kai kimanin kilowat-awa 1.16. Daga digiri 28 zuwa 16, kusan kilowat-awa 14 ke nan, kuma wannan na saukewar farko ne kawai. Daga nan iska da rana da kwamin shuka, wanda ke shanya ruwan a fili, za su ci gaba da mayar da zafin, injin kuma ya ci gaba da aiki ba hutu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane kilowat-awa a watan Afrilun 2024, kifin da aka raina da injin sanyi zai fi wanda aka sayo a kasuwar kifi ta Kado tsada nesa ba kusa ba.

Ba wai Afirka ba ta kiwon tirawut ba ne. Ana kiwonsa a Kenya, a ƙoramun da ke gangarowa daga Dutsen Kenya da tsaunukan Aberdare, haka kuma a madatsar ruwa ta Katse da ke tsaunukan Lesoto, har ana fitar da shi waje. Abin da ya haɗa wuraren nan shi ne tudu mai nisa da ruwan sanyi na halitta. A Nijeriya, wuraren da za a fara tunani su ne tsaunin Mambilla a Jihar Taraba da kuma Filato, amma ko a can ma sai an auna zafin ruwa na tsawon shekara kafin a saka ko kwabo.

Abin da ke iya ƙaura

Idan aka ajiye kifin gefe, sauran darasin Perth duk yana aiki a Abuja, wani ma ya fi aiki. Bakteriyar da ke tace ruwa ta fi kuzari tsakanin digiri 17 da 34, aikinta kuma yana raguwa ƙwarai idan ruwa ya sauka ƙasa da 10. Mai tirawut yana fama da bakteriya mai kasala a tsakiyar sanyi. Mai tanki a Karu ko Mararaba ba shi da wannan matsala.

Kifin da ya dace kuwa yana nan a gida. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, saboda haka 'ya'yanta da abincinta da masu saye duk suna kusa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa ta musamman da ke ba ta damar shaƙar iska daga saman ruwa, abin da ke sa ta jure ɗaukewar wuta fiye da yawancin kifaye. Aibinta shi ne yawan kashi, don haka sai an saka durom ɗin da datti zai kwanta a ciki kafin ruwa ya isa ga shuka, kuma manya suna cin ƙanana idan ba a riƙa ware su bisa girma ba. Karfasa ta fi tsabta, amma idan maza da mata suka haɗu a tanki sai su cika shi da 'ya'ya, girma ya tsaya. Shi ya sa masu kiwo ke neman maza zalla. Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja tana aiki a kan waɗannan nau'o'i biyu, kuma wuri ne da mai neman shawara zai iya dosa.

A ɓangaren shuka, alayyafo, ɗoɗɗoya, na'a-na'a, kuɓewa, kokwamba da tattasai suna son ɗumi. Latas, wanda shi ne abokin tirawut a Perth, yakan yi tsiri ya yi ɗaci a zafin Maris, don haka hunturu ne lokacinsa, tare da rumfar raga mai rage rana.

Ma'aunin da ke daidaita tsarin shi ne yawan abincin da ake zuba wa kifi a rana, domin daga shi taki ke fitowa. Jagoran FAO ya ba da giram 40 zuwa 50 na abinci a kullum ga kowane murabba'in mita na ganye, da giram 50 zuwa 80 ga masu 'ya'ya kamar tumatir. Misalin da littafin ya kawo yana da sauƙin riƙewa: mai son cire latas 25 a kowane mako yana buƙatar fili murabba'in mita 4, da abincin kifi giram 200 a rana, da kifin da nauyinsa ya kai kilo 10 zuwa 20, abin da tanki mai lita 1,000 zai ɗauka. Wannan ya nuna girman abin a zahiri. Zai wadata tukunyar gida da ganye, ya ba da kifi lokaci zuwa lokaci, amma ba zai maye gurbin albashi ba.

Kwamin shuka yakan kai zurfin santimita 30, a cika shi da tsakuwa. Tsakuwar dutsen da ake fasawa a yankin Mpape ta dace idan an wanke ta sosai, domin ba ta sauya ɗabi'ar ruwa. Wadda ake shakka a kanta sai a ɗiga mata ruwan tsami: idan ta yi kumfa, tana da farar ƙasa, a guje ta. Tankunan roba masu kejin ƙarfe da ake sayarwa na hannu su ne aka fi amfani da su a ko'ina, amma wajibi ne a san abin da aka taɓa zubawa a ciki, domin wanda ya ɗauki sinadari mai guba ba ya wankuwa. Lita 1,000 na ruwa kuma tan guda ne cif, don haka ba kayan baranda ko saman bene ba ne. Wanda ke gidan haya, gara ya nemi yardar mai gida tun kafin ya sayi bututu.

Inda ake yin asara

Yawancin masu farawa gaggawa ce ke kayar da su. Sabon tanki ba shi da bakteriya, kuma tana ɗaukar mako uku zuwa shida kafin ta kafu. Wanda ya zuba kifi cike da tanki a ranar farko, amoniya za ta taru babu mai sarrafa ta. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar ruwa yana zagayawa, a saka kifi kaɗan, a riƙa gwada ruwan da kayan gwaji har amoniya da naitirayit su sauka kusa da sifili. Ruwan famfo mai sinadarin kulorin kuma sai ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe kafin a zuba, domin kulorin yana kashe bakteriyar da ake wahalar rainawa.

Abu na biyu shi ne tsamin ruwa. Aikin bakteriya yana ƙara wa ruwa tsami a hankali, alhali kifi da shuka da bakteriya sun fi daidaituwa idan ma'aunin pH yana tsakanin 6 da 7. Akan gyara shi da ɗan sinadarin kalsiyam ko fotasiyam, ko a rataya jakar dakakken ɓawon ƙwai a cikin ruwan. Waɗannan sinadarai biyu, tare da ƙarfe, su ne abincin kifi ba ya samarwa isasshe. Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa na kore, alamar ƙarancin ƙarfe ce.

Na uku, babu feshin maganin ƙwari. Abin da aka fesa wa ganye zai gangara cikin ruwa ya kashe kifi. Haka nan maganin kashe ƙwayoyin cuta da wasu masu kiwo ke zuba wa kifi zai hallaka bakteriyar tsakuwa. Kifin da ya kamu da ciwo akan cire shi a yi masa magani a wani mazubi dabam.

Na huɗu, kuma mafi nauyi a Nijeriya, shi ne wuta. Injin tura ruwa mai wat 40 da ke aiki dare da rana yana cin kusan kilowat-awa ɗaya a yini, abin da bai kai naira 7,000 a wata ba a farashin naira 225 na watan Afrilun 2024. Kuɗin ba shi ne damuwar ba, yankewar ce. Ko a Perth, inda wuta ba ta cika ɗaukewa ba, masu tirawut sukan ajiye injin hura iska mai batir, domin awanni kaɗan ba iska sun isa su kashe tanki guda. Tarwaɗa za ta ɗaga kai ta shaƙi iska, amma saiwoyin shuka da bakteriya ba za su iya ba. Don haka faifan sola da batir suna cikin kuɗin kafa tsarin tun daga farko.

Sai kuma lokaci. Tsarin yana son a duba shi safe da yamma: a ciyar da kifi, a ga ko ruwa na gudu, a cire abincin da ya rage. Ma'aikacin da ke fita daga Nyanya da asuba don gudun cunkoso, ko hadimin da ke bin maigidansa rangadi na mako guda, yana buƙatar wani a gida da ya san abin yi idan injin ya tsaya.

Ribar da ke ciki

Duk da waɗannan sharuɗɗa, akwai dalilin da ya sa tsarin ke yaɗuwa. Ruwan da ake ƙarawa a rana bai wuce kashi 1 zuwa 3 cikin ɗari na abin da ke cikin tanki ba, abin da ke da muhimmanci ga unguwannin da ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ba ya buƙatar ƙasar noma, don haka tsakar gidan da aka shafe da siminti ma ta isa. Babu ciyawa, babu takin zamani, babu ƙazamin ruwan da zai haɗa mutum faɗa da maƙwabci. Iyali kuma sun san abin da aka zuba wa ganyen da suke ci.

Masu lambun Perth ba su fara da tambayar wane kifi suke sha'awa ba. Sun duba abin da doka ta yarda da shi, suka auna ruwansu, suka ga wata shida na sanyi da wata shida na zafi, sannan suka nemo kifin da ya dace da kowane rabi. Mazaunin Abuja da ke son bin sahunsu zai iya farawa da abin da bai fi ƙarfin aljihunsa ba: ya cika durom da ruwa, ya ajiye shi a inda yake niyyar kafa tankin, ya saka ma'aunin zafi, ya riƙa rubuta abin da ya gani da asuba da kuma ƙarfe uku na rana har tsawon mako biyu. Alƙaluman da zai samu a takardar nan su za su gaya masa kifin da zai saya.